Wayoyi Uku Masu Suna Ɗaya: Yadda Na Bi Sawun Sabuntawar da Ta Ƙi Isowa

A watan Disamban 2023, lokacin da hunturu ya fara busawa a Garwa, wani abokina malamin makaranta ya zo shagon hatsin da nake riƙe wa yayana lissafi, ya ajiye wayarsa a kan tebur, sai na lura cewa fuskarta ta canza. Wayarsa da tawa iri ɗaya ce, Samsung Galaxy S21, har launinsu ɗaya, amma da ya ja allon daga sama sai na ga maɓallan sun sake tsari, rubutun ma ya sake fasali. Ya gaya mini cewa mizajur ce ta shigo masa, wato sabuntawar babbar manhajar waya kamar yadda ake kiranta a nan, kuma wayarsa ta koma kan Android 14 tun kwana goma da suka wuce. A gabansa na buɗe saitunan tawa na danna wurin neman sabuntawa, ta yi juyi na ɗan lokaci, sannan ta rubuta cewa manhajata ita ce ta ƙarshe, babu wata sabuwa.

Da farko ban damu ba, domin na san ba a raba irin wannan abu ga kowa a rana ɗaya. Google ya fitar da Android 14 a ranar 4 ga Oktoban 2023, kuma wayoyin Samsung sun fara karɓarsa ne bayan haka, sababbi kafin tsofaffi, saboda haka na ɗauka layi ne kawai bai zo kaina ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne kiran da ƙanena ya yi mini daga Kusiri bayan kamar mako uku. Shi ma S21 gare shi, wadda wani ɗan kasuwar Njamena ya kawo masa daga Dubai, kuma ya ce tasa ma ta karɓa. Wayoyi uku ke nan masu suna ɗaya, a hannun mutum uku da ke amfani da layukan ƙasa ɗaya: ta farko ta samu da wuri, ta biyu ta samu a makare, ta uku kuwa shiru.

Zargina na farko ya faɗa kan sim. Na cire nawa na sa na abokina, na kashe wayar na kunna, na sake nema, amsar ba ta canza ba. Na gwada da intanet ɗin waya, na gwada da na wani shagon kwamfuta, duk ɗaya. Daga nan na tafi ofishin kamfanin layin da nake amfani da shi, inda wata ma'aikaciya ta saurare ni da haƙuri, ta duba wayar, ta ce, "Malam, mu layi muke sayarwa, manhajar wayarka ba ta bi ta hannunmu." Gaskiya ta faɗa, ko da yake a ranar na fita ina ganin kamar sallamata kawai ta yi.

Kafin in je wurin mai gyara na ƙara duba shafin bayanan manhaja, a nan ne na ci karo da abin da ya ƙara rikita ni. Akwai kwanan wata guda biyu a wurin. Ɗaya na sabuntawar tsarin Google Play ne, kuma bai wuce wata biyu baya ba. Ɗayan na facin tsaro ne, wato gyaran da ke toshe ƙofofin kutse cikin waya, kuma yana kan Fabrairun 2023, wato tun kafin in sayi wayar. Daga baya na fahimci bambancin. Tun daga Android 10, a shekarar 2019, Google ya ware wasu sassan manhajar ya riƙa sabunta su kai tsaye ta Google Play, ba tare da jiran kowa ba, shi ya sa kwanan farko yake tafiya. Sauran manhajar kuwa, wadda ta haɗa da facin tsaro na wata-wata da sabon Android gaba ɗayansa, sai ta biyo wata doguwar hanya, kuma a kan wannan hanyar ce wayata ta tsaya wata goma ban sani ba. Da sauyin fuska ne kawai nake jira, da na haƙura, amma wannan wayar da ita nake karɓar kuɗin buhunan masara da dawa daga masu saye na Gidar da Marwa, a cikinta lissafin shago yake, kuma duk wanda ya san yadda kuɗin waya ya zama aljihun ɗan kasuwa a arewacin Kamaru zai gane dalilin da ya sa ban iya kawar da kai ba.

Mai gyaran da aka nuna mini a babbar kasuwa matashi ne, yana magana yana haɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci kamar yawancin yaran garin nan. Bai tambaye ni dogon bayani ba. Ya juya wayar, ya buɗe shafin bayananta, ya nuna mini lambar samfuri: SM-G991U. Sai ya ce in kira abokina in tambaye shi tasa. Tasa SM-G991B ce, ta ƙanena ma haka.

"Yaya, ka ga wannan harafin na ƙarshe?" in ji shi. "Taka 'yar Amurka ce, ta kamfanin layi. Nasu na sauran duniya ne. Suna ɗaya, amma ba waya ɗaya ba ce."

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar a nan ba. Samfurin da ke ƙarewa da B yana ɗauke da ƙwaƙwalwar Exynos 2100 wadda Samsung ya ƙera da kansa, na Amurka kuwa yana ɗauke da Snapdragon 888 ta kamfanin Qualcomm. Wanda ke ƙarewa da U na kamfanonin sadarwar Amurka ne, U1 na Amurka ne amma wanda ba a ɗaure shi da kowane kamfani ba, W na Kanada ne, N na Koriya ta Kudu. Tun da ƙwaƙwalwar ta bambanta, manhajar da ake gina wa kowannensu ma daban take, ana gwada ta daban, ana sakinta daban. A lokacin ne na tuna cewa wayata gurbin sim ɗaya gare ta alhali ta ƙanena biyu, abin da na daɗe ina mamaki a ƙasar da kusan kowa ke riƙe da MTN da Orange a tare, amma ban taɓa haɗa shi da asalin wayar ba.

Sai ya danna *#1234# a wurin kira, layuka uku suka fito: AP, CP da CSC. Ya koya mini karanta jelar dogon lambar da ke kan layin farko: harafi na uku daga ƙarshe shekara ce, na biyu daga ƙarshe wata ne, daga A na Janairu zuwa L na Disamba. A tawa W ne da B, wato Fabrairun 2023, daidai da abin da na gani. CSC kuwa ita ce lambar yanki, wadda ke gaya wa rumbun kamfani wace kasuwa aka yi wayar dominta. Da muka bincika ta abokina sai muka ga XEF, lambar Faransa, kuma haka ne, wani ɗan'uwansa da ke karatu can ne ya aiko masa da ita. Ta ƙanena XSG ce, lambar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wannan shi ya warware mini tazarar mako ukun da ke tsakaninsu: ƙarfen wayarsu ɗaya ne, amma idan wayar ta tambayi rumbun kamfani ko akwai sabon abu, ba a duba cewa mai ita yana Garwa ko Kusiri, lambar yanki ake dubawa, kuma kowane yanki da ranar da ake buɗe masa ƙofa.

Na zauna a bencin shagonsa fiye da awa ɗaya ina tambaya, sauran kuma na cike shi da karatu a kwanakin da suka biyo baya. Hanyar da sabuntawa ke bi tana da zango da yawa. Google ne ke fitar da tushen manhajar. Masu ƙera ƙwaƙwalwa su daidaita nasu ɓangaren da ke sa kyamara da rediyon waya da sauran sassa su yi aiki. Kamfanin wayar ya ɗora tasa fuskar a kai, wadda a wurin Samsung ake kira One UI, ya gwada a kan kowane samfuri, ya shirya wa kowane yanki harsunansa da saitunan layukansa. Idan wayar ta kamfanin sadarwa ce, akwai ƙarin zango, domin shi ma sai ya sa nasa manhajojin, ya gwada a kan layinsa, ya amince, sannan a saki. Bayan duk wannan, ba a sakin ta ga kowa lokaci ɗaya. Ana fara ba wasu, idan ba a ga matsala ba a faɗaɗa, domin idan akwai kuskure gara ya tsaya kan mutum kaɗan. A shekarar 2017 Google ya kawo tsarin Treble tare da Android 8 don ya raba manhajarsa da ɓangaren masu ƙera ƙwaƙwalwa, aikin ya yi sauƙi, kuma ya yi, amma zangunan ba su ɓace ba. Masu iPhone ba su san wannan jiran ba, saboda Apple shi ke da wayar, shi ke da manhajar, kuma yana sakinta ga duniya a rana ɗaya.

Duk wannan ya bayyana jinkiri, amma bai bayyana tsayawa cak ba. Dalilin tsayawar tawa shi ne, wayar an yi ta ne don wani kamfanin sadarwa na Amurka wanda manhajarsa ke neman sabuntawa ta hanyarsa shi kaɗai, kuma yana bayarwa ne ga wayar da ke ɗauke da sim ɗinsa. An buɗe kullen layi kafin a kawo ta Afirka, shi ya sa take kira take shiga intanet da sim ɗin Kamaru ba tare da wata matsala ba, amma buɗe kullen layi bai sauya manhajar da ke ciki ba. Sabuntawar tana nan, an fitar da ita, masu irin wayata a Amurka sun karɓa. Ni ne nake ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta san ni ba.

A nan nake ganin ya kamata a tsaya a yi magana, domin ba ni kaɗai ba ne. Wayoyin da aka riga aka yi amfani da su, waɗanda ake kira okaziyo, suna shigo mana ta kowace kusurwa: daga Duwala, daga kasuwar Farm Centre ta Kano ta hanyar Yola ko Mubi, daga Dubai ta Njamena, wasu kuma a jakar matafiya daga Turai. Idan mutum zai saya yakan duba gilashi, ya duba batir, ya gwada kyamara, ya danna *#06# ya ga lambar IMEI, ya sa sim ya ga ko rezo zai kama. Ban taɓa ganin mai saye ya duba harafin ƙarshe na lambar samfuri ko kwanan facin tsaro ba, ni ma ban duba ba, kuma ina kyautata zaton wanda ya sayar mini bai san da maganar ba. Alhali facin tsaro ba ado ba ne. Al'adar fitar da shi kowane wata ta samo asali ne a 2015, bayan an gano ɓarakar da aka kira Stagefright, wadda ta nuna cewa saƙon hoto ko bidiyo guda zai iya zama hanyar kutse cikin wayoyin Android masu ɗimbin yawa. Kuma a Fabrairun 2022 Samsung ya yi alkawarin ba jerin S21 sabon Android har sau huɗu da facin tsaro na shekara biyar. Wanda ya sayi irin wayata ya biya kuɗin wannan alkawarin a cikin farashi, amma ba zai ci moriyarsa ba sai ya san inda aka ɗaure.

Mai gyaran ya shimfiɗa mini zaɓi. Na farko, a haɗa wayar da kwamfuta a gwada manhajar Smart Switch, wadda wani lokaci takan samo sabuntawar da wayar ba ta gani da kanta. Mun gwada a take, ita ma ta ce babu sabon abu. Na biyu, a yi mata filashin, wato a zuba mata manhaja da hannu ta wata manhajar kwamfuta da ake kira Odin. Na tambaye shi ko zai zuba mini irin ta abokina, ta Faransa, tun da ita ce ke zuwa da wuri. Ya girgiza kai ya ce ko kuɗi nawa zan ba shi ba zai yi ba, domin manhajar Exynos ba ta hawa kan Snapdragon, wayar za ta ƙi karɓa, wanda ya matsa mata kuma yana iya mayar da ita dutse. Abin da zai yiwu shi ne a zuba mata manhajar U1, tun da ƙarfen U da U1 ɗaya ne, kuma manhajar U1 tana neman sabuntawa ne daga kamfanin wayar kai tsaye. Ya kuma ja mini kunne kan abu biyu: cewa akwai wata lamba a cikin jerin da ba ta komawa baya, idan an hau sama an hau ke nan, ba a saukowa zuwa tsohuwar manhaja, da kuma cewa shi ba ya taɓa manhajar da ba ta ɗauke da hatimin kamfani, saboda irin wannan tana ƙona alamar tsaro ta Knox har abada, wasu manhajoji kuma su daina aiki. Wannan taka-tsantsan nasa ne ya sa na amince da shi.

Ban yanke shawara a ranar ba. Na koma na gaya wa yayana, tun da rabin abin da ke cikin wayar dukiyarsa ce. Ya ce, "Idan ka tabbata lissafin ba zai salwanta ba, je ka yi, amma ka rubuta bashin mutane a littafi tukuna." Na kwashe dare biyu ina wannan aikin: na kwafe sunayen masu bashi da adadinsu a takarda, na adana hirarrakin WhatsApp a Google Drive, na juye hotuna da takardun rasit a kwamfutar abokina, na kuma tabbatar na tuna kalmar sirrin asusuna na Google, domin wayar da aka goge ba ta buɗuwa sai an shigar da asusun da ke kanta a da. Wannan matakin shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda na ga mutane suna rainawa har sai sun rasa lambobin abokan cinikinsu.

Sauke fayil ɗin ma aiki ne, domin ya haura giga biyar. Mun fara da rana, aka ɗauke wuta, ya katse. Sai mai gyaran ya bar shi ya kwana yana sauka a gidansa. Washegari bayan azahar na same shi ya warware fayil ɗin zuwa kashi-kashi, ya jera su a guraben Odin guda huɗu: BL, AP, CP da CSC. A gurbin ƙarshe akwai zaɓi tsakanin fayil ɗin da ke barin kayan mutum da wanda ke goge komai, kuma ya zaɓi mai gogewa, yana cewa idan ana sauya gida gara a shiga da tsabta. Ya tabbatar batirin kwamfutar da na wayar sun cika, ya kashe wayar, ya danne maɓallan ƙara da rage sauti tare, ya soka kebul ɗin kwamfutar, allon ya koma shuɗi-kore. Aikin bai kai minti goma ba, amma ban ɗauke idona daga kan layin da ke tafiya ba har sai da akwatin da ke sama ya koma kore. Wayar ta daɗe kafin ta tashi, kuma da ta tashi tambarin kamfanin sadarwar nan da na saba gani kullum bai fito ba. Android 14 ne, facin tsaro kuma na watan da ya gabata.

Ban ɗauka an gama ba sai da na ga abin da zai biyo baya, domin zuba manhaja sau ɗaya ba shi ne buƙatata ba. So nake wayar ta riƙa samu da kanta. Bayan makonni, wata safiya ina buɗe shago, sanarwa ta fito cewa akwai facin tsaro, in sauke. Na kira abokina da ƙanena muka gwada kwanaki: nasu ya riga nawa, kuma a watannin da suka biyo baya tsarin zuwan bai tsaya wuri ɗaya ba, wani watan abokina ne kan gaba, wani watan ƙanena. Tazarar kwanaki ko makonni ba ta dame ni ba, tun da yanzu na san dalilinta. Abin da filashin bai gyara ba shi ne gurbin sim, wanda ƙarfe ne ba manhaja ba, don haka har yanzu ina yawo da ƙaramar waya ta biyu saboda ɗaya layin.

A 2025 Android 15 ya iso wa wayoyin nan uku, kowace a ranarta, kuma shi ne na huɗu kuma na ƙarshe a cikin alkawarin da aka yi wa S21, wadda ta fito a Janairun 2021 da Android 11. Tun a Janairun 2024 aka ƙara wa jerin S24 wa'adin zuwa shekara bakwai, don haka da maƙwabcina mai sayar da albasa ya nemi in raka shi kasuwa ya sayi waya ta hannu, na gaya masa mu fara lissafi daga shekarar da wayar ta fito, ba daga ranar da zai saya ba. A shago na biyu aka miƙo mana wata mai kyan gilashi, batirinta ma lafiya lau. Na buɗe shafin bayananta, na ga U a ƙarshen lambar samfuri, na duba facin tsaro na ga ya kwana fiye da shekara. Na nuna wa mai shagon, ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo sauran guda biyar da ke cikin gilashi ya ce, "Malam, don Allah duba mini waɗannan ma."